Farashin da Mai Hoto Ya Ƙi Biya

Shekara talatin da huɗu Mai Hoto ya yi a shago ɗaya, a layin da ke bayan tashar mota, tsakanin mai kemis da mai ɗinkin labule. Ɗaki biyu ne. Na gaba shi ne wurin ɗauka, da labule mai zanen gidan bene, da kujera mai hannu da aka shafa wa fenti ruwan zinare, da fitilu biyu masu lema, da madubin da aka ɗaure mataji a jikinsa da zare saboda masu mantuwa. Na baya kuwa ba mai shiga sai shi. A nan yake ajiye nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Tun ranar da ya buɗe shagon bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Kowanne yana cikin ambulan, an rubuta suna da kwanan wata a bayansa da biro, ambulan ɗin kuma suna jere a kwalaye tun daga ƙasa har rufi.

Da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, sana'ar ta kwanta. Masu aure suka daina zuwa, masu gama makaranta suka daina zuwa, aka bar shi da hoton fasfo, shi ma ba kullum ba. Yakan wuni a bakin ƙofa yana kallon masu wucewa suna ɗaga waya suna turo baki, ya ce wa mai kemis yanzu kowa mai hoto ne, shi kaɗai ya koma ɗan kallo.

Wata rana wata mata ta shigo. Mahaifiyarta ta rasu wata ɗaya da ya wuce, kuma duk gidan an rasa hotonta na ƙuruciya. Ta ce tana tunawa tana ƙarama an taɓa kawo su wannan shagon. Ya tambaye ta suna da shekara, ta faɗi sunan, shekarar kuwa sai kintace. Kwana uku yana sauke kwalaye yana atishawa kafin ya samo shi. Da aka wanko ya miƙa mata, sai ta zauna a kujerar nan mai fenti, ta daɗe tana kallonsa. Abin da ta ba shi ya fi abin da yake samu a mako. Kafin wata ya ƙare ta turo masa 'yan uwanta biyu da irin wannan buƙatar.

Daga nan tunanin ya shige shi. In har akwai shafin intanet da mutum zai rubuta sunan mahaifinsa ko na kakarsa ya ga hoton ya fito, ya biya a wanke masa, ai ɗakin bayan nan ya fi na gaban daraja. Kuma yana da wadda zai kira.

'Yar ƙanwarsa ce. Mahaifinta ya rasu tana shekara huɗu, shi ya tsaya mata a karatu tun daga firamare har ta gama jami'a. Tun tana yarinya yake kiranta Injiniya, saboda ba rediyon da za ta gani a gidan ba ta kwance bayansa ba. Sunan ya bi ta har girma. A lokacin ita da abokan karatunta biyu, mace da namiji, sun kama ɗan ofis a saman wani shagon tayoyi, suna gina wa mutane shafukan intanet. Ya taɓa hawa sau ɗaya. Tebur uku ne da fanka mai ƙara, da farin allo cike da zane-zanen da bai gane ba.

Da ya faɗa mata abin da ke ransa, ta fi shi murna. Ya ce mata aiki nata ne, ta zo ta duba. Asabar biyu a jere ta zo da abokiyar aikinta, suka ɗaura ƙyalle a hanci suka shiga ɗakin baya suna ƙirga, suna ɗaga fim zuwa haske, suna rubutu. Suka samu nagatif kusan dubu arba'in. A Asabar ta uku ta zo gida ita kaɗai da la'asar, da takarda shafi uku a cikin fayil.

Matarsa ta kawo mata ruwa, aka gaisa, aka taɓa hira. Sannan ya sa tabarau ya wuce kai tsaye shafin ƙarshe, inda jimillar take. Kuɗin ya kai na ƙaramar mota ta hannu mai lafiya.

"Injiniya," in ji shi, "wannan lambar wayarki ce ko kuɗin aiki?"

Ta yi dariya, ta matso da kujera ta fara yi masa bayani a tsanake. Ta ce shafin da ake sa sunan shago da lambar waya akwai shi a shirye kamar riga 'yar kanti, shi ba ya cin kuɗi. Nasa kuwa sai an auna, an yanka, an ɗinka. Sai an kwafe kowane fim da kyau, an shigar da sunan da ke bayan ambulan ɗinsa, an gina wurin nema, an kuma sa ƙofa yadda baƙo ba zai zauna yana kallon iyalin mutane ba. Sai an yi hayar ma'ajiya a intanet wadda ake sabuntawa duk shekara, sannan a ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban saboda tsaro. Ta ce aikin mutum uku ne na wata biyar, kuma za a iya rarraba biyan kashi huɗu.

Yana da kuɗin. Bai daɗe da sayar da wani fili ba, kuma ita ma ta sani. Wataƙila wannan sanin ne ya fi ɓata masa rai, don sai ya ga kamar da filin aka auna farashin. Ya cire tabarau ya ce shi bai ga siminti a takardar ba, bai ga bulo ba, danne-dannen kwamfuta ne kawai a zaune a ƙarƙashin fanka.

"Kawu, nawa kason na cire tun kafin in zo," ta ce. "Abin da ke nan na mutum biyun da nake aiki da su ne, da na kayan aiki. Guminsu ne, ba ni da ikon yafe shi."

Da ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma sai ya tura mata takardar a kan tebur ya ce, "Lokacin da nake biyan kuɗin makarantarki, ban tuna ranar da na kawo miki takarda ba."

Ta mayar da takardar cikin fayil, ta shanye sauran ruwanta, ta durƙusa ta yi musu sallama kamar yadda ta saba. Bayan fitarta matarsa ta ce masa, "Malam, maganar nan ba ta yi kama da kai ba." Ta tuna masa yadda yakan dawo gida yana huci in wani ya ce masa ai danna maɓalli kawai ya yi, don me hoto zai yi tsada. Ya ce wannan daban, wancan daban, ya ja rediyo ya kunna.

Mai kemis ne ya haɗa shi da wani mutum da ake kira Nan-take. Magidanci ne mai faran-faran, yana da tebur a wani babban kanti inda yake sayar da caja da murfin waya, yana kuma yi wa 'yan kasuwa shafuka a gefe. Ya samu sunan ne saboda duk abin da aka tambaye shi amsarsa ke nan. Ya zo shagon ya leƙa ɗakin baya, ya buɗe kwali biyu, ya tafa hannu ya kakkaɓe ƙura, ya faɗi kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Duk da haka sai da Mai Hoto ya taya, aka rage masa wani abu. Ba a rubuta komai ba. Ya biya rabi a wurin, ya koma gida yana jin kamar ya ci wata gasa.

Nan-take ya ɗauko hayar wata na'ura da ake zura mata fim tana kwafewa, ya kwashe kwalayen a mota, bayan wata biyu ya dawo da su. Shafin kuwa ya yi kyau a ido. Ga hoton Mai Hoto a sama riƙe da tsohuwar kyamararsa, ga sunan shago da manyan baƙaƙe. Sai dai ba wurin rubuta suna. An raba hotunan ne shekara-shekara, mutum ya yi ta ja da yatsa har ya ci karo da fuskar da ya sani. Da Mai Hoto ya yi ƙorafi, Nan-take ya ce, "Baba, wancan ai wani aikin ne mai zaman kansa, kuɗinsa daban." Da Mai Hoto ya buɗe kwalayen kuma, sai ya tarar ba a mayar da kowane fim ambulan ɗinsa ba. An zuba fina-finan a gefe ɗaya, ambulan ɗin a ɗaure da roba a ɗaya gefen. Amma ya lallashi kansa cewa tunda komai yana intanet, ba wani abu ba ne.

Ya tura wa 'yar ƙanwarsa adireshin shafin ba tare da ya rubuta komai ba. Washegari amsa ta zo: "Allah ya sanya alheri, Kawu. Don Allah ka riƙe nagatif ɗinka da kyau, ka kuma ce a ba ka kwafin komai a faifai ka ajiye a hannunka. Ka tambaya da sunan wa aka yi rajistar shafin." Ya karanta wa matarsa yana murmushi, ya ce ciwon rashin ciniki ne ke magana. Sau ɗaya ya tambayi Nan-take zancen faifan, aka ce masa nan take, daga nan bai sake bi ta kai ba.

Watannin farko an ɗan samu. Mutum takwas ko tara sun gano nasu sun zo an wanke musu. Wasu da yawa sun ce shafin nauyi gare shi, yana cinye musu data kafin su kai rabin shekara ɗaya. Wani malamin makaranta ya zo ransa a ɓace, ya ce da izinin wa aka baza hoton matarsa da 'ya'yansa duniya tana kallo. Mai Hoto ya ba shi haƙuri har bakin titi, kuma sai da aka yi mako kafin a cire.

Ana nan mai ginin da shagon yake ciki ya ƙara kuɗin haya. Mai Hoto ya duba ya ga ba dalilin biyan ɗaki guda saboda kwalaye. Ya saki ɗakin baya, mai ɗinkin labule ya karɓa. Kwalayen aka kai gida, aka jibge su a wata rumfar kwano da ke bayan kicin, inda ake ajiye tsofaffin kujeru da keken da ba mai hawa. Matarsa ta ce rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Ya ce zai kira kafinta. Ya yafa musu leda, ya ɗora bulo biyu a kai. Damina ta zo ta wuce bai kira kowa ba.

Shekara ɗaya da 'yan kwanaki da buɗe shafin, wani tsohon direba ya zo neman hoton aurensa. Mai Hoto ya zaro waya da alfahari zai nuna masa, sai ya ga farin shafi da rubutun da bai gane ba. Ya ɗauka matsalar layi ce. Bayan kwana biyu ya kira Nan-take, waya a kashe. Ya je babban kantin ya tarar da mai sayar da turare a teburin. Aka ce ai Nan-take ya koma dillancin motoci a can ƙarshen gari. Sai da ya yi sati biyar yana cigiya kafin ya same shi a wani fili, tsakanin motoci, riƙe da tarin makullai.

Nan-take bai gudu ba, bai kuma yi musu ba. Ya ba shi kujera, ya saya masa ruwan sanyi. Ya ce kuɗin da aka biya na shekara ɗaya ne, kuma yana jin ya faɗa tun farko. Saƙon tunatarwa yana zuwa ne ta wani imel nasa da ya daina buɗewa. Ya shiga a gabansa ya duba, ya ce masu ma'ajiyar sun jira wata ɗaya, da ba a biya ba suka goge komai. Mai Hoto ya tambayi kwafin da ke kwamfutarsa. Ya sosa ƙeya ya ce ya sayar da ita lokacin da zai shiga harkar mota, kuma sai da ya wanke ta tas kafin ya miƙa.

"Baba, wallahi ban cuce ka ba," in ji shi. "Abin da kuɗinka ya saya na ba ka."

Mai Hoto ya so ya yi faɗa, ya rasa ta inda zai kama. Ya tashi ya bar ruwan bai sha ba.

Daga can gida ya wuce, bai ko cire takalmi ba ya nufi rumfar. Ledar ta zame tun tuni. Kwalayen sama sun jiƙe sun bushe sun sake jiƙewa, na ƙasa kuma gara ta gina gida a ciki. Ya ɗaga na farko, gindinsa ya zube. Fina-finan sun manne da juna sun zama dunƙule kamar sabulu, suna wani irin tsami. Ya gwada ɓamɓare guda biyu, fuskar da ke jiki ta biyo yatsansa. Ambulan ɗin kuwa biron ya narke, sunayen sun zama shuɗin tabo. Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin, ba ta tuna masa maganar kafinta ba. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a inuwa, suka fara ware waɗanda suka tsira.

Kwana huɗu ya yi yana juya abin a ransa kafin ya iya hawa matakalar da ke gefen shagon tayoyi. Ya shirya abin da zai faɗa tun daga gida. Da ya kai sama sai ya tarar da wata mata tana yi wa wata kitso, ga na'urar busar da gashi a inda farin allon yake a da. Ta ce ita wata biyar ke nan da kama wurin, ba ta san waɗanda suka tashi ba.

Ya wuce gidan ƙanwarsa. A shekarar nan suna haɗuwa a sabgogin dangi, suna gaisawa, amma ba wanda ya taɓa ɗauko zancen. In ya tambayi Injiniya sai a ce tana lafiya, shi kuma ba ya ƙarawa. Ranar nan ƙanwar tasa ta ba shi wuri ya zauna, ta faɗa masa komai ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce a makon da ya ce wa yarinyar aiki nata ne, wani kamfanin sufuri ya nemi su yi masa babban aiki. Yarinyar ta roƙi kamfanin su jira ta wata biyar, saboda ta riga ta yi wa kawunta alkawari. Ba su jira ba. Bayan nan ƙananan ayyuka kawai suka riƙa samu, haya ta gagara, namijin ya tafi banki, macen ta koma aiki daga gida. Ita kuma Injiniya ta samu aiki a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda, ta tafi.

Ya tambaya me ya sa ba a faɗa masa za ta tafi ba.

"Ta zo yi maka sallama, Yaya. Ta kai har bakin layinku, ta hango ka kana nuna wa mutane shafin a waya, sai ta juyo."

Ya sunkuyar da kai. Can ta tambaye shi, a hankali kamar mai jin nauyi, ko a cikin waɗanda suka tsira akwai wanda ya ɗauki marigayi mijinta riƙe da yarinyar a kafaɗa. Ta ce nata kwafin ya koɗe har ba a gane fuska, ta daɗe tana son ta ce ya sake wanko mata, tana ganin ai yana nan a ajiye, ba sauri. Ya san hoton. Ya san har rigar da mutumin ya sa. Shekarar tana cikin kwalayen ƙasa. Ya ce zai duba, ita ma ta gane amsar daga yadda ya faɗa.

Da yamma ya kira Injiniya. Ta ɗauka a ƙara na biyu, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗa mata abin da ya faru tun daga farin shafin har rumfar. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce kada ya sake ɓamɓare waɗanda suka manne, ya jiƙa su a ruwa mai tsabta mai sanyi, wasu za su saki da kansu, ya shanya su a inuwa a kan igiya. Ta karɓi lambar Nan-take da sunan masu ma'ajiyar. Bayan mako ɗaya ta kira ta ce ta yi iya yinta, abin da aka goge ya tafi. Amma ta bi wasu wurare da ke adana tsofaffin shafuka ta tsinto hotuna ɗari biyu da 'yan kai, ƙanana, ba za su wanku da girma ba. Ta turo masa su.

A wannan kiran ne ya ce mata, "Maganar da na faɗa miki ranar nan, ta kuɗin makaranta, ban kyauta ba. Ki yafe min."



"Ya wuce, Kawu," ta ce. "Ai ba ƙarya ka yi ba, ka biya. Ni dai ban san ana ƙirgawa ba ne."

Sai ta tambaye shi ya ƙafarsa da ke ciwo, ya ce da sauƙi, suka yi sallama.

Wata biyu shi da matarsa suna jiƙawa suna shanyawa. Tsakar gidan ta cika da igiyoyi, fina-finai suna reto a jikinsu da abin maƙale shanya. Abin da ya tsira bai wuce dubu uku ba, kuma ba suna a jikin ko ɗaya. Yakan ɗaga fim zuwa haske ya yi ta kallo, wani ya gane shi nan da nan, ya faɗi sunansa da sana'arsa da unguwarsu, matarsa ta rubuta a sabon ambulan. Wasu kuwa fuskar ta yi masa kama da wadda ya sani, amma sunan ya ƙi zuwa. Irin waɗannan ya ware musu kwali daban, shi ya fi cika.

Ya sake kiran Injiniya ya ce ta yi masa aikin dubu ukun nan, ko nawa ne zai biya, ba zai taya ba. Ta ce da ta so, amma inda take aiki yanzu ta sa hannu cewa ba za ta karɓi aikin waje ba, kuma ko Asabar ba kullum take samu ba. Ta ba shi lambar tsohuwar abokiyar aikinta.

Matar ta zo da goyo a bayanta, ta gaishe shi da Kawu ita ma. Ta duba abin da ya rage, ta yi lissafi a wayarta, ta faɗi kuɗin tana kallon ƙasa. Kaya sun tashi a shekara biyun nan, kuma rage yawan hotuna ba ya rage aikin gina shafin sosai. Farashin ya kusa rabin na farko. Kuɗin filin kuwa ya riga ya bi hidimar gida da asibitin ƙafa da haya. Ya ce mata farashin ya yi daidai, ba shi da ta cewa, ta ba shi lokaci. Ta ce ba komai, duk ranar da ya shirya. Ya raka ta har bakin titi ya tare mata mota.

Bai shirya ba har yau. Yana nan a ɗakin gaba yana ɗaukar fasfo. Injiniya takan kira shi duk farkon wata, ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar kowa, wani lokacin ta turo masa kuɗin magani ta hannun mahaifiyarta. Hirar ba ta wuce minti uku. Da can in ta kira sai batirinsa ya mutu tana ba shi labarin abin da take ginawa, ko da ba ya gane rabi. Yanzu in ya tambayi aiki sai ta ce alhamdulillahi, yana tafiya.

Har yanzu mutane suna zuwa jefi-jefi, saboda labarin ya bazu cewa akwai mai hoton da ba ya zubar da fim. Makon jiya wani magidanci ya zo da ƙanwarsa, daga nesa, neman hoton mahaifinsu sanye da kakin aikin jirgin ƙasa. Mai Hoto ya tambayi shekarar, suka faɗa. Ya ce su zauna. Ya jawo kwalin marasa suna, ya kunna fitila ɗaya, suka yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya har la'asar ta yi sanyi. Ba su same shi ba. Magidancin ya zaro kuɗi zai ba shi na wahala, ya ƙi karɓa. Suka yi masa godiya, suka tafi don kada motar ƙarshe ta bar su.